Yadda ƙara gurbi ɗaya a jadawalin kwamfuta ke iya riƙe albashin ma'aikaci a Bauchi

Duk wanda ya kama aikin gwamnati kafin kwamfuta ta mamaye ofisoshi zai tuna babban littafin rajistar ma'aikata, mai kaurin bango, wanda ke zaune a teburin akawu. Kowane shafi an tsaga shi da layuka: nan suna, nan ranar kama aiki, nan matakin albashi, nan garin asali. Idan umarni ya sauko daga sama cewa daga yau a riƙa rubuta wani abin da ba a tanadar masa wuri ba, akawu ba ya kai kuka ko'ina. Rula yake ɗauka da jan biro, ya ja sabon layi a gefen shafi, ya rubuta kan magana a sama, sannan ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana cikewa. Wanda ya tafi hutu ko yake kwance a asibiti, sai a bar gurbinsa fari har ya dawo. Babu mai cewa tunda gurbin Malam wane babu komai, to Malam wane ba ya cikin ma'aikata, domin akawun ya san shi, jiya ma sahu ɗaya suka yi sallar Azahar.

Har yau ana jan wannan layi. Bambancin shi ne yanzu littafin ya koma cikin kwamfuta, mai jan layin yana iya kasancewa a Abuja ko Legas, bai taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda sunayensu ke jadawalin ba, kuma umarni guda da bai cika layi biyu ba ya isa ya sauya fasalin rajistar mutum dubu ɗari a lokaci ɗaya. Masu sana'ar suna kiran umarnin da ALTER TABLE, wato sauya jadawali, a harshen SQL da ake magana da rumbunan bayanai da shi. Da shi ake ƙara sabon gurbi, da shi ake cire tsoho, da shi ake sauya wa gurbi suna ko faɗi ko irin abin da zai karɓa, da shi kuma ake kafa masa doka. Yawancin manyan jami'an da ke sa hannu a kan fayil ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa sau da yawa umarnin da suka rubuta da koren biro a wannan layin yake ƙarewa.

Asalin tsarin ba sabo ba ne. A shekarar 1970 wani masanin lissafi na kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ya kawo shawarar a riƙa adana bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Kowane jadawali yana da gurabe da aka jera a tsaye, kamar suna da ranar haihuwa, da sahu-sahu a kwance, kowane sahu mutum ɗaya ko abu ɗaya. Sai a ba kowane sahu lamba tasa ta kansa, wadda ake kira mabuɗi, kuma da wannan lambar jadawalin ma'aikata ke magana da jadawalin albashi, shi kuma yake magana da na fansho. Mafi yawan manhajojin albashi, da na bankuna, da na rajistar ɗalibai, a kan wannan tunanin aka gina su. Sauya abin da ke cikin gurbi, kamar lokacin da mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, aiki ne na yau da kullum: an goge adadi, an rubuta wani. Sauya fasalin jadawalin kansa shi ne babban aiki, domin duk abin da ya jingina da shi sai ya girgiza.

Gurbin da babu komai a ciki

Mutanen Bauchi sun ga wannan a aikace. A shekarar 2019, ba da jimawa ba bayan Gwamna Bala Mohammed ya karɓi mulki, gwamnatin jihar ta kafa kwamitin tantance ma'aikata da 'yan fansho ta hanyar lambar BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014. Kwamitin ya sanar cewa dubun-dubatar sunaye da ke cikin jadawalin biyan kuɗi ba su da BVN a gabansu. Nan take kanun labarai suka cika da kalmar "ma'aikatan bogi". Da aka kira mutane su bayyana, da yawa suka zo da ƙafafunsu da takardunsu aka wanke su, aka kuma tarar da wasu sunayen na mamata ne ko na waɗanda ba su zo ba sam. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta bi irin wannan hanyar tun kafin nan: a farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta ce ta cire sunaye kusan 24,000 daga jadawalin albashi bayan an gwada su da BVN.

Babu mai hankalin da zai ce kada a tantance. Kuɗin da ake biyan mamaci kuɗin asibiti ne da na makaranta, kuma wani rayayye ne ke cinye su. Abin lura shi ne yadda ake fassara gurbin da aka tarar babu komai a ciki.

Idan aka ƙara sabon gurbi a jadawalin da ya riga ya ƙunshi mutane, a daƙiƙar farko kowa da kowa gurbinsa fanko ne, tun daga darakta har zuwa masinja. Rumbun bayanai yana da alama ta musamman ga irin wannan gurbi, ana kiranta NULL. Ma'anarta ita ce "ba a sani ba". Ta bambanta da sifili, ta kuma bambanta da "ba shi da ita". Malamar firamare a Ningi tana iya mallakar BVN tun 2015, amma takardar da ta cike ta maƙale a ofishin ƙaramar hukuma. Wani kuma an shigar da tasa da alƙaluma 10 maimakon 11, manhaja ta ƙi karɓa, mai shigarwa ya tsallake ya wuce na gaba don rana ta yi. Dukansu a idon kwamfuta iri ɗaya ne da sunan da wani ɓarawo ya ƙirƙira. Fankon gurbi labari yake bayarwa game da halin da jadawalin ke ciki. Kafin ya zama hujja a kan mutum, sai an je an duba.

Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka ɗora doka a kan gurbin. Ana iya umartar rumbun cewa wannan gurbi haramun ne a bar shi fanko. Idan akwai tsofaffin sahu da ba a cike ba, rumbun zai ƙi karɓar dokar, ya ce a fara gyara. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo, a nan ne kuma matsin lamba daga sama ke yin ɓarna. Idan an ce wa injiniya lallai gobe da safe komai ya kammala, hanyoyi biyu na gaggawa ke gabansa. Ko dai ya cusa wata lambar ƙarya, kamar sifili goma sha ɗaya, a duk gurbin da ke fanko don dokar ta zauna, ko kuma ya ware waɗancan sunayen gefe, albashi ya tafi babu su. Ta farko tana binne matsalar inda ba za a sake ganinta ba sai ta ruɓe. Ta biyu kuwa tana aika magidanci gida hannu rabbana a ƙarshen wata, ga bashin mai shago, ga kuɗin makaranta.

Duba yawan ma'aikatan da ranar haihuwarsu a takarda ita ce 1 ga Janairu. Ba wai matan Arewa sun haɗa baki suna haihuwa a ranar ba ne. Fom ne ya ce dole a rubuta rana da wata, mutumin kuma abin da ya sani shi ne an haife shi shekarar da aka yi fari, ko damunar da aka naɗa sarki. Gurbin da ba ya karɓar "ban sani ba" yana koya wa mutane ƙirƙirar amsa, daga baya kuma a zo ana lissafin ranar ritaya da ita kamar wahayi.

Hanyar da ƙwararru suka amince da ita a hankali take tafiya. A fara ƙara gurbin ba tare da wata doka ba, albashi na ci gaba da tafiya yadda yake. A cike shi kashi-kashi. A fitar da sunayen waɗanda nasu ya rage, a aika wa ma'aikatunsu, a ba su wa'adi da wurin da za su je. Sai abin da ya rage ya zama ɗan kaɗan da za a iya bi ɗaya bayan ɗaya, sannan a kafa dokar. Wannan shi ne dai abin da akawun nan mai rula yake yi, ba tare da ya san sunansa da Turanci ba.

Mutum ɗaya, albashi ɗaya

A cikin garin Bauchi kaɗai, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ba tsarin albashi ɗaya suke bi ba. Na Sakatariyar Tarayya galibi suna kan CONPSS, mai matakai har zuwa 17. Malaman Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, a Yelwa da Gubi, suna kan CONUASS, wanda farfesa ke mataki na 7 a cikinsa, yayin da abokan aikinsu da ba sa koyarwa ke kan CONTISS. A Asibitin Koyarwa na jami'ar, likita na kan CONMESS, ma'aikaciyar jinya na kan CONHESS. Malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji kuma nasu daban. Haka shekarun ritaya: ma'aikacin gwamnati na gama-gari yana sauka a shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, farfesa kuwa dokar 2012 ta kai shi 70. Duk wanda zai zuba waɗannan mutane a rumbu ɗaya, sai jadawalinsa ya san duk waɗannan bambance-bambance.

Wannan shi ne nauyin da aka ɗora wa IPPIS, tsarin albashi na bai-ɗaya da aka fara gwajinsa a 2007 da ma'aikatu bakwai, da tallafin Bankin Duniya, wanda Ofishin Akanta-Janar na Tarayya ke kula da ɓangaren biyan kuɗinsa. Ƙa'idar da ta ba shi ƙarfi mai sauƙi ce: mutum ɗaya, lamba ɗaya, albashi ɗaya. Da ita aka kama masu karɓa a wurare biyu da uku. A watan Oktoban 2019, yayin gabatar da kasafin kuɗi, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin duk ma'aikacin tarayya ya shiga tsarin ko a daina biyansa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce ba za ta shiga ba.

Rigimar tana da fuskoki da yawa. Akwai batun 'yancin jami'o'i da ikon da doka ta ba majalisun gudanarwarsu, akwai tsohuwar rashin yarda tsakanin ƙungiyar da gwamnati, akwai kuma zargin da ɓangaren gwamnati ke yi cewa wasu na gudun tsarin ne don kada asirinsu ya tonu. Amma wani sashe na ƙorafin, idan aka fassara shi zuwa harshen masu gina rumbun bayanai, magana ce ta fasalin jadawali tsantsa. A ce malami a jami'ar Bauchi ya tafi hutun bincike na shekara guda, wanda ƙa'idar aikinsa ta ba shi, ya je yana koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Ko kuma farfesa yana zuwa wata sabuwar jami'a a matsayin malamin ziyara don ba su da mai koyar da fanninsa. A tsarin jami'a wannan halal ne, da shi ma ƙananan jami'o'i ke rayuwa. A jadawalin da ya ɗauka cewa kowane mutum wurin aiki ɗaya gare shi, wannan malamin da ɓarawon da ke cin albashi biyu kamanninsu ɗaya.

Maganin irin wannan a wurin masu sana'ar sananne ne, sai dai ba ƙaramin aiki ba ne. Ana raba jadawalin gida biyu: ɗaya na mutane, inda kowa ke bayyana sau ɗaya tak, ɗaya kuma na muƙamai, inda mutum zai iya samun sahu biyu, kowanne da irinsa, da ranar farawa da ta ƙarewa, da wanda ya amince. Dokar hana cin albashi biyu sai ta koma cewa mutum ba zai riƙe muƙamin dindindin biyu a lokaci ɗaya ba. Amma da zarar an yi wannan rabon, sai an sake duba lissafin haraji, da cirar fansho, da kuɗin asusun gidaje na kashi 2.5 cikin 100, da duk rahoton da ke ɗauko bayani daga tsohon jadawalin. Abin da ya yi kama da tsaga ɗaki biyu da labule sai ya zama tayar da ginshiƙin gida.

ASUU ta gina nata tsarin mai suna UTAS, hukumar NITDA ta yi ta gwada shi. Batun yana cikin dalilan yajin aikin 2020, wanda ya ɗauki wata tara, da na 2022 da ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba. Iyayen ɗaliban Yelwa da masu gidajen haya da masu abinci a bakin ƙofar jami'a sun san abin da waɗannan watanni suka ci. A ranar 13 ga Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi daga IPPIS. A ganina da tun farko an zauna an lissafa abubuwan da jadawalin bai tanada ba, an sa musu farashi da lokaci, da aƙalla wannan sashe na gardamar ya fita daga fagen zargi ya koma fagen aiki. Fitar kanta ma ba ta sauke nauyin ba, domin kwashe bayanan dubban mutane daga wani fasali zuwa wani shi ne sauyin jadawali mafi girma, kuma a irin wannan ƙaurar ne ariyas da ranar ƙarin girma suka fi ɓacewa a hanya.

Akwai wani ƙaramin misali da zai nuna bambancin gini mai hangen nesa da marar shi. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, gwamnati ta amince da ƙarin naira 35,000 na wucin-gadi ga ma'aikatan tarayya. Idan mai gina rumbu ya ba kowane alawus gurbinsa a tsaye cikin jadawalin albashi, to duk sabon alawus sai an sauya fasalin jadawalin, an taɓa manhaja, an gyara takardar albashi. Idan kuwa ya ware jadawalin alawus daban, inda kowane alawus sahu ne, sabon alawus ƙarin layi ɗaya ne kawai. A ƙasar da kowace yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ke haifar da sabon alawus, wannan zaɓin yana da tsada ko rahusa na shekaru.

Jiha, suna da lamba

Ranar 1 ga Oktoban 1996 mutanen Kaltungo da Billiri da Dukku suka kwanta 'yan Jihar Bauchi, suka tashi 'yan Jihar Gombe. Ita kanta Bauchin daga Jihar Arewa Maso Gabas aka cire ta a 1976. Ga ma'aikacin tarayya, gurbin jihar asali ba ado ba ne, domin da shi Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ke auna kason kowace jiha. Jadawalin da aka rubuta "Bauchi" da hannu a gaban kowane suna sai an bi shi sahu-sahu ana gyara. Wanda aka gina shi ta yadda kowane ma'aikaci ke nuni ga ƙaramar hukumarsa, ita kuma take nuni ga jiharta a wani jadawali daban, gyaransa na 'yan layuka ne. Sai kuma wata tambaya da ke ɓoye: idan aka goge tsohuwar amsar, ta yaya za a san a kason wace jiha aka ɗauki mutum a 1990? Shi ya sa ake ƙara gurbin ranar da bayani ya fara aiki, maimakon a shafe na baya. Masu fafutukar Jihar Katagum ba su gaji ba, don haka wannan ba tarihi kaɗai ba ne.

Sunaye ma suna da nasu rikicin. Fom ɗin da aka aro daga Ingila yana neman sunan farko da sunan dangi, alhali Bahaushe da sunan mahaifi ko na gari yake amfani. Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda kabarinsa ke cikin garin Bauchi, sunan garinsu Tafawa Balewa ya ɗauka, kalmomi biyu a gurbin da aka tanada don ɗaya. Mutum guda sai ka same shi Muhammad Sani a banki, Sani Mohammed a takardar ɗaukar aiki, Muhammadu Sani Azare a hukumar katin ɗan ƙasa. Ranar da aka ce sai gurabe uku sun dace harafi da harafi, shi ne zai kwana a layi. Gurbin da ba a saita shi ya karɓi ɗ da ƙ da ɓ ba yana mayar da Ɗanladi alamar tambaya. Ita kuwa 'yar alamar nan da ke cikin Sa'adu da Mu'azu da Jama'are, a harshen SQL ita ce ke nuna ƙarshen rubutu, saboda haka manhajar da aka rubuta da sakaci takan tsaya cak idan ta iso kanta. Ƙaramar hukuma guda a Jihar Bauchi na iya rikita fom saboda sunanta kawai.

Lambobi sun fi yaudara. Tun da Babban Banki ya kawo tsarin NUBAN, lambar asusu alƙaluma 10 ce, kuma da yawa da sifili suke farawa. Idan wani ya sauya gurbin asusu daga rubutu zuwa adadi, a tunaninsa ai lamba ce, sifilin farko zai faɗi shiru ba tare da gargaɗi ba, asusun ya koma alƙaluma 9, banki ya dawo da kuɗin. Akwai kuma iyakar da kowane irin gurbi ke da ita. Wani irin gurbin adadi da aka fi amfani da shi ba ya wuce 2,147,483,647. A 2014 YouTube ya faɗaɗa ma'aunin yawan kallo saboda bidiyo guda ya doshi wannan iyakar. Idan da kobo ake lissafi, wannan adadin naira miliyan 21 da ɗoriya ne kawai, kuɗin da yau bai kai na motar ofis ɗaya ba. Matsalar shekarar 2000 da duniya ta kashe maƙudan kuɗi a kanta ita ma daga nan ta fito: an tanadi alƙaluma biyu don shekara, ƙarni ya juya.

Daren da ake sauyin

Umarnin gajere ne, amma abin da ke faruwa a bayansa ya danganta da irin sauyin da irin rumbun. Wani sauyin a ƙiftawar ido yake ƙarewa, don bayanin fasalin kawai ake gyarawa. Wani kuwa sai rumbun ya sake rubuta jadawalin gaba ɗaya, sahu bayan sahu, kuma yana iya kulle shi har ya gama, babu mai shiga babu mai fita. A PostgreSQL, kafin sigar 11 da ta fito a 2018, ƙara gurbi mai ɗauke da amsar da za a cusa wa kowa yana jawo irin wannan sake rubutun. A jadawalin gwaji mai sunaye ɗari ba za a lura ba. A na gaske mai miliyoyin sahu yana iya cin sa'o'i, kuma idan aka yi shi a makon da ake shirya albashi, to ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun komawa baya. A wasu rumbunan, irin su PostgreSQL da SQL Server, ana iya fara sauyin fasali, a ga bai yi ba, a janye shi kamar ba a yi ba. A Oracle da MySQL kuwa irin wannan umarnin da zarar ya wuce ya zauna, babu janyewa sai dai a sake wani sauyin ko a dawo da kwafin ajiya. Cire gurbi shi ne mafi haɗari, domin yana tafiya da duk abin da ke cikinsa. Lokacin da dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin karo-karo, aka buƙaci sababbin gurabe na kamfanin fansho da lambar asusun ritaya, da kason da ake cira, wanda dokar 2014 ta mayar kashi 8 daga ma'aikaci da 10 daga mai ɗaukar aiki. Amma tsofaffin bayanan shekarun da mutum ya yi kafin 2004 su ne ake lissafa haƙƙinsa na baya da su. Gurbin da matashin injiniya zai kalla yau ya ce babu mai amfani da shi, wataƙila shi ne hujjar wata gwauruwa bayan shekara goma sha biyar. Ƙwararru sukan daina rubutu a irin wannan gurbin, su ɓoye shi daga fuskar manhaja, su bar shi tsawon lokaci kafin su yi maganar cirewa.

Jami'in da ke rubuta takarda ga Babban Sakatare ba ya buƙatar iya SQL. Abin da yake buƙata shi ne ya gane cewa jimla kamar "daga wata mai zuwa duk wanda bai da lambar NIN kada a biya shi" umarnin sauya jadawali ce, ya kuma tambayi abin da ya kamata kafin ta fita. Mutum nawa ne gurbinsu ke fanko a yau, kuma an aika wa ofisoshinsu sunayen? An gwada sauyin a kwafin rumbun na gaske, ko a ɗan samfuri? Kwafin ajiyar da ake taƙama da shi, an taɓa dawo da shi aka ga yana aiki? Waɗanne tsare-tsare ne ke ɗaukar bayani daga wannan jadawalin, daga GIFMIS zuwa kamfanonin fansho da bankuna, kuma an sanar da su? Tunda Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta fara aiki, akwai ƙarin tambaya: wannan sabon bayanin da za a karɓa daga mutane, da gaske ana buƙatarsa, kuma wa zai iya ganinsa?

Na taɓa zama a wani taro inda aka shafe awa biyu ana muhawara a kan launin sabuwar takardar albashi, sauyin jadawalin da ke ƙarƙashinta kuwa aka amince da shi cikin minti uku, don mai kwangilar ya ce ƙaramin gyara ne. Babu wanda ya tambaye shi ƙarami a wurin wa. Abin da ya kamata a nema daga gare shi bai wuce shafi ɗaya ba: yawan sunaye da jimillar kuɗi kafin sauyi, yawan sunaye da jimillar kuɗi bayan sauyi, da jerin duk wanda ya faɗo tsakani, kowanne da dalilinsa. Wannan jerin shi ne ya kamata ya isa teburin jami'in kula da ma'aikata a Sakatariyar Tarayya ta Bauchi makonni kafin ranar biya, domin shi ne zai iya leƙawa ofishin da ke kusa ya ga ko mai sunan yana zaune a kujerarsa.